Injin da bai fi ƙwan kaza nauyi ba: fashin baƙi kan tara tsofaffin injunan ƙananan jirage a Kumasi

A daminar bara, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da na saba da shi a unguwar Aboabo ta Kumasi, irin waɗanda muke kira 'yan kondem, ya zura hannu cikin buhun da yake tara alminiyom ya ciro wani ɗan abu baƙi, ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Malam, ga irin abin nan naka na yara." Tsawon abin bai fi yatsa ba, nauyinsa kuma bai wuce na ƙwan kaza ba, amma inji ne cikakke, mai fistan da silinda da kurankishaf da kafireta, har da ɗan tankin mai a bayansa. Da na goge shi da gefen riga na gane Mills ne, ƙirar Ingila ta bayan yaƙin duniya na biyu, wanda aka yi domin ya juya farfelar jirgin sama na katako da takarda. In a sikeli za a ɗora shi, kuɗinsa ba zai sayi koko da ƙosai ba, alhali a Turai akwai dattawan da za su kwana suna ƙara wa juna farashi a kansa.

Wannan tazara da ke tsakanin abin da sikeli ya ce da abin da mai tarawa yake gani ita ce ke buƙatar bayani, musamman a gari irin namu, inda dubban masu sana'a a Magazin ta Suame suke cin abinci da gyaran inji, inda kuma ake auna ƙwarewar mutum da yadda yake tayar da abin da ya mutu. Abin da na fahimta bayan shekaru ina bin waɗannan ƙananan injuna shi ne, hannun da ya saba gyara shi ne ya fi saurin kashe darajarsu, kuma dalilin hakan yana cikin yadda aka ƙera su tun farko.

Injunan sun kasu gida uku, bisa yadda wuta ke kama man da ke cikin silinda. Na farko su ne masu fulogi irin na mota, waɗanda suka fara yaɗuwa a Amurka a farkon shekarun 1930, lokacin da wani matashi mai suna Bill Brown a Filadelfiya ya fito da injin da aka sani da Brown Junior, mai girman cc 10, wato ma'aunin da muke faɗar girman injin babur da shi. Irin wannan fetur yake sha gauraye da baƙin mai mai kauri, kuma dole jirgin ya ɗauki kwayil da kwandensa da batir ya tashi da su, ga kuma fayint da ke buɗewa yana rufewa kamar na tsohuwar mota. Nauyin waɗannan kaya shi ne ya sa jiragen wancan zamani suka zama manya. Duk fitan da ya taɓa gyaran tsohuwar Bedford zai gane tsarin da kallo ɗaya.

Gida na biyu shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki idan na nuna musu, domin ba shi da fulogi, ba shi da batir, ba shi da waya ko ɗaya. Ana kiransa dizal, ko da yake ba ya shan man dizal kuma ba shi da injakta. An fara sayar da irinsa a Suwizalan a farkon shekarun 1940 da sunan Dyno, sannan Ingila ta rungume shi bayan yaƙi, lokacin da ƙarancin dala ya hana shigo da kayan Amurka. Mills mai cc 1.3 ya fito a 1946, ƙaraminsa mai cc 0.75 ya biyo baya ba da daɗewa ba, sai su ED da Frog da Davies-Charlton suka cika kasuwa. Mansa haɗi ne na kananzir da man zurma da itar, sinadarin nan da asibitoci suka daɗe suna sa marar lafiya barci da shi kafin aiki, kuma ga irin su Mills akan haɗa su kashi ɗaya-ɗaya daidai wa daida. Itar yana kamawa da wuta a zafi kaɗan, saboda haka matsin da fistan ke yi wa iska ya isa ya kunna shi. A saman silinda akwai wani fistan na biyu wanda ba ya motsi da kansa, sai dai mai injin ya tura shi ƙasa ko ya sassauta shi da wani ɗan sukuru mai hannu, ta haka yake ƙara matsi ko ya rage. Wannan sukuru shi ne taimin ɗin injin gaba ɗaya. Wanda ya matse shi fiye da kima zai ji injin yana gurnani yana fitar da baƙin mai, in ya ci gaba kuwa sandar da ke haɗa fistan da kurankishaf ta lanƙwashe; wanda ya sake shi da yawa kuma zai ji yana tari yana yankewa. Kunne ne ke saita shi.

Na uku ya zo a 1947, lokacin da Ray Arden a Amurka ya fitar da fulogi mai jan zare, wato mai zaren waya da ke yin ja. A cikin fulogin akwai siririyar waya mai haɗin filatinam, wadda ake ɗora wa batir mai bolt 1.5 har ta yi ja kamar garwashi, a tayar da injin, sannan a cire batir ɗin. Wayar ba ta hucewa, domin tururin metanol, man da irin wannan inji ke sha, idan ya taɓa filatinam yana ƙara mata zafi, ga kuma zafin ƙonewar da ta gabata. Da wannan dabara jirgi ya rabu da kwayil da batir, cikin 'yan shekaru kuma masu fulogin mota suka zama tsohon yayi. Daga nan ne manyan sunaye suka taso ko suka ƙara ƙarfi: Fox da Cox a Amurka, Super Tigre a Boloniya ta Italiya, Webra a Jamus, Enya a Japan, da kamfanin O.S. wanda Shigeo Ogawa ya kafa a Osaka tun 1936, wanda kuma ya fito da injin FS-60 mai bugu huɗu a 1976, ana ganin rokokinsa suna rawa a fili. Daga shekarun 2000 batirin litiyam da ƙananan motocin lantarki suka karɓe filin, irin waɗanda suke ɗaga jiragen Zipline da ke kai jini da magani asibitocin ƙauyukanmu tun 2019. Lokacin da injunan mai suka daina zama kayan aiki ne suka zama kayan tarawa.

Yanzu sai batun da ya fi muhimmanci. Yawancin waɗannan ƙananan injuna ba su da ringi a jikin fistan. Abin da ke riƙe matsi shi ne dacewar fistan da silinda kaɗai, dacewar da ake samu ta hanyar goga su da garin wasa ƙarfe mai laushi har ratar da ke tsakaninsu ta koma ƙasa da kaurin gashi nesa ba kusa ba, kuma silindar takan ɗan tsuke kaɗan ta sama, inda zafi ya fi yawa. A masana'antu da dama mutum ne ke zaune yana gwada fistan ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda ya dace da silindar da ke hannunsa, ma'ana kowane fistan mijin silinda ɗaya ne. Idan ka juya farfelar injin mai lafiya da yatsa za ka ji ya yi tauri yayin da fistan ke hawa, sannan ya ƙetare da wata 'yar ƙara, "ɓus", ya dawo da kansa kamar roba. Wannan shi ne ran injin. Ba a ganinsa a hoto, ba ya hawa sikeli, kuma minti ɗaya na sanfefa ya isa ya raba shi da shi har abada.

Na koyi wannan da tsada. Injin farko da ya shigo hannuna ED Bee ne mai cc 1, ya daskare ba ya juyawa, na kai shi shagon kawuna a Magazin na bari a kan benci da niyyar in dawo bayan la'asar mu duba tare. Kafin in dawo, wani yaron shago mai son ya burge mastansa ya riga ya yi abin da aka koya masa a kan manyan injuna: ya jiƙa shi a ruwan soda, ya kama bakin kurankishaf da filaya ya murɗa, ya zura sukundireba ta ƙofar hayaƙi ya tokare fistan, sannan ya bi jikin da sanfefa har yana ƙyalli. Ya miƙo mini da hannu biyu yana jiran yabo. Soda ta cinye fuskar alminiyom ta bar ta da ƙananan ramuka, haƙoran filaya sun lalata zaren da notin farfela ke hawa, gefen fistan ya sami tabo, kuma da na juya shi sai ya wuce salalai kamar ba komai a ciki. Kawu ya karɓa ya juya sau biyu kusa da kunnensa, ya ce, "Ɗana, wannan kam ya tafi. Yaron nan bai yi da mugunta ba, abin da ya sani ke nan." Gaskiya ya faɗa, domin abin da ya daskarar da injin man zurma ne kawai da ya bushe ya zama ƙaro a cikinsa, kuma shi ne ma ya tsare ƙarfen daga tsatsa duk tsawon shekarun. Da an ɗiga masa man giya na mota mai canza giya da kanta an bar shi kwana biyu ko uku, sannan a ɗumama shi a hankali, a ɗaura masa farfela a riƙa lallaɓa ta gaba da baya, da ya saki da kansa.

Akwai wani tarko makamancin wannan a wajen kusoshi masu zare. Injunan Ingila na da suna amfani da zaren da ake kira BA, na Amurka suna bin ma'aunin inci, na Japan da Jamus da Italiya kuma milimita, wanda shi ne ke cike da kwalaben shagunanmu. Sukurun milimita zai shiga ramin BA zagaye ɗaya ko biyu kamar ya dace, sai ya cije, kuma wanda ya ƙara masa ƙarfi ya yanka sabon zare a cikin ƙarfe mai laushi ke nan. Fulogin jan zare ne kawai ya kusa haɗa kan kowa, domin har Japanawa sun bi ma'aunin Amurka na rubu'in inci mai zare 32.

Sai tambayar da kowa ke fara yi mini, wato nawa abin yake yi. Tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Kamfanin Cox na Kalifoniya ya fitar da Babe Bee a 1956, mai lamba .049, wadda ma'aunin inci ce da ta yi daidai da kusan cc 0.8, kuma an ƙera irinsa miliyoyi, an sa su cikin jiragen roba da aka riƙa saya wa yara. Injin kirki ne, mai saurin tashi, har yakan tashi da baya idan aka buga farfelar da sakaci, amma yawansa ya sa wanda aka yi amfani da shi ba ya da wani farashi, ko ya shekara sittin. A ɗaya gefen akwai Oliver Tiger mai cc 2.5, wanda uba da ɗa masu suna John Oliver suka riƙa ƙerawa kaɗan-kaɗan a Ingila, kowanne da lambarsa, wanda ya mamaye gasar tseren jirage masu igiya a shekarun 1950. Ƙarancinsa da tarihin nasarorinsa su ne kuɗinsa. Bayan ƙaranci sai cikar kaya: allurar saita mai ta asali, da tanki, da notin farfela, domin su ne ke fara ɓacewa kuma su suka fi wuyar samu. Sai kunnuwan da ake ɗaure injin da su, waɗanda faɗuwar jirgi ke karyawa ko wani ya faɗaɗa raminsu da diril. Sai launin da masana'anta ta rina kan silinda da shi, ja ko kore ko shuɗi, wanda ba ya dawowa idan an goge. Kwalin asali da takardar bayani kuwa, abin da ɗan kondem zai fara jefarwa, wani lokaci sukan ɗaga farashi fiye da yadda mai hankali zai zata. A idon mai tarawa, injin da ya yi duhu da tsohon mai amma ba a taɓa kwance shi ba ya fi wanda aka wanke yana walƙiya.

Dole kuma a yi hattara da kwafi. Mills ya yi farin jini har aka ci gaba da ƙera shi a Kalkata ta Indiya bayan an daina a Ingila, daga baya kamfanin Irvine ya sake fito da nasa, haka nan an kwaikwayi Oliver Tiger a Sin. Ba jabu ba ne a ma'anar damfara, tunda an sayar da su da sunan masu ƙera su, wasunsu ma suna aiki sosai, amma bayan shekaru sun wuce kuma kwali ya ɓata, sai mai ido ne ke bambancewa ta tsabtar zubin ƙarfe, da irin zaren kusoshi, da yadda aka buga lamba. Ni kaina na taɓa yin wata guda ina murna da wani kafin zaren sukurunsa ya tona masa asiri.

Yadda suke isowa Kumasi ba wani abin ɓoye ba ne. Waɗanda na gani sun fito ne daga akwatunan tsofaffin gidajen ma'aikata, ko kayan wani dattijo da ya yi karatu a Ingila ya dawo da abin wasan ƙuruciyarsa, amma mafi yawa daga kwantenonin kayan gida na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, inda ake kwashe ɗakin ajiyar wani mamaci a Turai a cusa komai cikin kwali tare da tukwane da fitilu. Abin da bai sami mai saye ba yana gangarowa har ya ƙare a buhun alminiyom. A nan akwai wata magana ta ciniki da ba na son in tsallake. Mutum yana iya yin shiru ya biya kuɗin sikeli ya tafi, kuma ba wanda zai kama shi, amma ni ban ga albarka a cikin cin jahilcin mai kaya ba. Na gaya wa abokin cinikina abin da yake hannunsa, na biya shi abin da ya ninka na sikeli sau da yawa, na kuma roƙe shi abu ɗaya, cewa idan ya sake gani kada ya bari yaransa su fasa da guduma don raba ƙarfe da alminiyom. Tun daga ranar yake ware mini su cikin gwangwanin madara. Wanda kuma yake tunanin wannan hanyar arziki ce, ina ba shi shawara ya sake lissafi, domin kasuwar tana Turai da Amurka a dandali irin eBay, kuɗin aikawa yana cinye ribar ƙaramin inji, kuma masu sha'awar can tsufa suke yi, tarin da suka bari yana ta fitowa kasuwa.

Ajiya a garinmu aiki ce mai zaman kanta. Damina biyu muke yi a shekara, iska cike take da laima, kuma metanol yana jan ruwa daga iska, saboda haka injin jan zare da aka kashe aka ajiye da ragowar mai a cikinsa, kafin wata biyu boris ɗinsa ya yi tsatsa, musamman idan man yana da sinadarin naitiro da akan ƙara masa, wanda ke barin tsami bayan ƙonewa. Mills da wasu 'yan'uwansa kuma jikinsu na magniziyam ne, wanda ya fi alminiyom sauƙin nauyi amma laima ke mayar da shi farin gari. Ina ɗiga wa kowanne mai, in juya shi ya ratsa, in sa shi cikin gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, kwalin asali kuma in ajiye shi daban saboda takarda tana riƙe danshi. Da hunturu ya shigo sai matsalar ta juya ta zama ƙura, wadda ga fistan marar ringi daidai take da sanfefa, don haka nake toshe bakin kafireta da ƙofar hayaƙi da ɗan ƙyalle.

Masu tarawa sun rabu a kan ko ya dace a tayar da tsohon inji. Wasu na ganin kowane tashi yana cin wani abu daga dacewar da ba za a iya mayarwa ba, kuma ga injin da bai taɓa shan mai ba, yana cikin kwalinsa, ina tare da su. Amma wanda ya riga ya yi aiki a zamaninsa, ban ga dalilin hana shi ba, in dai za a yi da ladabi: a ɗaure shi ta kunnuwansa a kan katako, kada a matse cikinsa a bais, a sa masa farfela daidai girmansa, a kuma tuna cewa farfelar da ke juyi dubbai a minti tana yanka yatsa har ƙashi. Wahalar a nan ta mai ce. Itar ba ya samuwa a kanti, yana tafasa a kusan digiri 35, zafin da ranar Fabrairu da Maris ke kusanta a Kumasi, don haka kwalbar da ba ta rufu sosai ba takan wayi gari da kananzir da man zurma kawai, tururinsa kuma yana kama wuta daga nesa, abin tsoro a gidan haya da ake girki da gawayi a tsakar gida. Fitoci sun san warinsa, domin yana cikin gwangwanin feshin da suke tayar da manyan motocin dizal da shi da sanyin safiya. Metanol kuwa guba ne mai makantarwa, ba a zuba shi a kwalbar da yaro zai ɗauka ruwa ne. Tayar da jirgin sama kansa wani babi ne daban, tunda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta wajabta rajistar jirage marasa matuƙi tun 2016, kuma mu mutanen Aboabo da Asawase a bakin filin jirgin Prempeh na ɗaya muke kwana.

Mills ɗin nan da ya fito daga buhu ya saki bayan kwana huɗu a cikin mai, matsinsa kuma yana nan daram, sai dai allurar saita mai ta ɓata tun kafin ya iso gare ni. Kawu ya auna ramin, ya gane zaren ba na milimita ba ne, ya kwashe yammaci guda a kan injinsa na fere ƙarfe yana fitar da wata daga guntun tagulla da wayar ƙarfe, ya hana kowane yaro matsowa kusa da bencin. Da muka ɗaure shi a bayan shago, ya tashi a bugu na bakwai ko na takwas, da wata ƙara mai taushi kamar ta keken ɗinki, hayaƙin man zurma ya cika wurin, masu walda na maƙwabta suka ajiye aiki suka zo kallo. Ya sha tankinsa cikin 'yan mintoci ya tsaya. Kafin in mayar da shi gwangwani, kawu ya karɓi allurar ya yi mata ɗan tabo da zarto a gindi, ya ce in rubuta a katin da nake ajiyewa tare da injin cewa wannan allura ƙirar Suame ce, ba ta Ingila ba, da shekarar da aka yi ta.